Makanikan da ke riƙe da ƙafar Fijo 504 a Runka

Fijo 504, wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, ta daɗe tana jigilar hatsi da dabbobi tsakanin Runka, Safana da Batsari, musamman samfurin a-kori-kura. Ramuka da lodi fiye da kima suna cin ƙafar gaba, kuma a nan makanikan gefen tasha suka cancanci jinjina.

Gwani ba ya saurin cewa a sayo sabo. Sai ya ɗaga motar da jak, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza. Idan ta yi lilo, boljoyin ko boris ya gaji. Idan wasan hagu da dama ne, tayarod ake tuhuma. Shokozoba kuwa danna ta ake yi: mai rai tana turjewa, matacciya tana yoyon mai. Biyu ake canzawa tare, domin sabuwa gefe guda hana mota daidaito take yi.

Wajen saye ake gane ƙwararre. Yakan fifita tsohon kayan Faransa na asali, wanda ake kira ɗan Baljiyam, daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a kan sabon jabu mai ƙyalli. Bushin roba ne kawai ba ya yarda da tsoho, saboda zafin yankin tsattsaga shi yake yi.