Maganin firgici da motsin ido: ya horon zai isa bakin ruwan Warra?

Idan ka taɓa ganin bidiyon abin a intanet, wataƙila ka yi dariya. Likita na zaune gaban mara lafiya, ya ɗaga yatsu biyu yana kai su dama yana dawo da su hagu, shi kuma mara lafiyan na bin yatsun da ido yana tuno mummunan abin da ya same shi. Wai magani ke nan. Sunansa EMDR, kuma ana ƙara jin ƙungiyoyi na shirya bita don koya wa ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa shi. Ni dai ban raina maganin ba. Abin da nake da ja a kai shi ne yadda ake koyar da shi, da kuma wa ake koya wa.

Bari mu ajiye maganar a wuri na zahiri. Ranar Laraba 26 ga Mayu 2021, wani jirgin ruwa da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja ya nufi Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da fasinjoji sama da 150. Ya dare a tsakiyar ruwa. Mutum ashirin da 'yan kai aka ceto. Bayan mako uku, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka afka kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai. 'Yan mata 11 na ƙarshe sai a 2023 suka fara dawowa gida. Duka a masarauta ɗaya, cikin wata ɗaya. Akwai wanda ya tsira daga ruwan, akwai masuntan da suka yi kwanaki suna tsamo gawawwaki, akwai iyayen da suka shekara biyu suna jira. Yawancin mutane kan farfaɗo da kansu bayan irin wannan, da taimakon dangi da addu'a da lokaci. Amma wasu abin ba ya sakin su: mafarkin tsoro, zabura da ƙaramin motsi, ganin abin kamar yanzu yake faruwa, gudun duk abin da zai tuna masu. Shi ne ciwon da likitoci ke kira PTSD, kuma shi aka yi EMDR dominsa.

Wata Ba'amurkiya, Francine Shapiro, ce ta fito da shi. Ta ce a 1987 tana yawo a wani lambu ta lura cewa idan idanunta na kai da komo, tunanin da ke damunta na rage zafi. A 1989 ta wallafa gwajinta na farko. Masana da yawa sun yi mata ca, amma gwaje-gwaje suka yi ta taruwa, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin magunguna biyu na zama da magana da ta ba da shawarar a yi amfani da su ga masu PTSD. An gwada shi ma a sansanin 'yan gudun hijirar Siriya da ke Kilis a Turkiyya, ya yi aiki. Saboda haka batun ko yana aiki, an wuce nan.

Inda ake ta gardama har yau shi ne yatsun. Wani nazari na 2001 da ya haɗa sakamakon gwaje-gwaje da dama bai ga wani abin da motsin idon ya ƙara ba. Wani na 2013 ya ce ya ƙara, amma matsakaici. Bayanin da ya fi gamsar da ni na masu bincike ne a Jami'ar Utrecht ta Holan. Ka ɗauka wurin da ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da take aiki a kai yanzu-yanzu kamar faifai ne ƙarami. Ka gwada ƙirga kuɗi wani na karanto maka lambar waya, za ka ga ɗaya ya zube. To idan mutum na tuno hoton jirgin yana kuma bin yatsu da ido, faifan ba ya ɗaukar biyun, sai hoton ya dishe, zafinsa ya ragu. Idan haka ne, babu wani sirri a cikin ido. Ƙirga lambobi da baya ma na iya yin kusan haka, kuma an gwada an gani.

Ga abin da ake yawan mantawa: maganin mataki takwas ne, kuma kaɗa yatsu sai a na huɗu yake shigowa. Kafin nan sai an ji tarihin mutum, an tabbatar ciwon ne ba wani ba, an koya masa yadda zai kwantar da kansa idan abin ya taso. Kaɗa yatsu ko yaro zai koya kafin la'asar. Abin da ba ya koyuwa a ɗakin taro shi ne me za ka yi idan matar da ke gabanka ta sandare a tsakiyar zama, ba ta ji ba ta gani, ko idan mutum ya koma gida da daddare tunanin kashe kansa ya zo masa. Ƙa'idar ƙungiyar masu wannan magani ta Amurka ta ce horon farko sa'a 20 ne na karatu, 20 na gwaji, da 10 na zama da gwani yana duba aikinka da marasa lafiya na gaske. Waɗannan goman na ƙarshe su ne suka fi tsada da wahalar shiryawa, su ne kuma suka fi sauƙin yankewa idan kuɗi ya gaza. Rabon takardar shaida da ɗaukar hoto kuwa ba a fasawa. Bakin ruwa babu mai miƙa wa yaro kwalekwale don ya iya riƙe filafili, sai ya daɗe a gindin babansa.

Sannan wa ake gayyata? Ƙa'idar ta ce sai mai lasisin aikin lafiyar ƙwaƙwalwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, galibinsu a manyan birane. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato tafiyar sa'o'i ce daga Yauri. Maganin kuma zama takwas ne zuwa 12, kowane awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ka lissafa kuɗin mota sau goma daga wani ƙauye a Shanga, ga barin gona ko koma a ranar. Wanda mara lafiyan zai samu a kusa shi ne malamin asibitin ƙauye ko mai kemis, abin da ya fi sauƙin ba shi kuma ƙwayar barci ce irin su D5. Waccan shawarar ta 2013 ta ce kar a ba da irin waɗannan ƙwayoyi don firgici a watan farko. Wannan jimla guda ta fi buƙatar a kai ta kowane asibitin ƙauye fiye da yatsun.

Ko an samu gwanin a Yelwa, littafin koyarwar ba don nan aka rubuta shi ba. A mataki na biyu akan ce wa mutum ya rufe ido ya ƙirƙiro wurin da hankalinsa ke kwanciya, misalin da aka fi bayarwa kuma bakin teku ne. Ka faɗa wa wanda ya fito daga jirgin Warra haka! Ruwan nan shi ne abin tsoronsa, shi ne kuma hanyarsa ta kasuwa mako mai zuwa, wataƙila a jirgi mai lodi irin wancan. Maganin ya ginu a kan cewa haɗarin ya wuce, ƙwaƙwalwa ce ba ta yarda ba. Ga iyayen Birnin Yauri, ko mai hawa jirgi babu rigar ruwa, tsoron ba kuskuren ƙwaƙwalwa ba ne gaba ɗaya. A mataki na uku kuma ana so mutum ya auna damuwarsa daga sifili zuwa 10, ya kuma faɗi mummunar maganar da yake gaya wa kansa. Mutuminmu zai ce maka ƙaddara ce, alhamdulillahi, alhali bai runtsa ba kwana uku. Da wane harshe ma za a yi? Tsohuwar Bagunge ko Bakambara tana iya ciniki da Hausa, amma ba lallai da ita take kuka ba. Ga kuma zaman kansa: namiji baƙo, kujera kusa da kujera, hannunsa a gaban fuskar matar da ke takaba. (Ana iya maye gurbin yatsun da mutum ya rungume kafaɗunsa yana ɗan bubbuga dama da hagu, dabarar da aka fito da ita a Meziko bayan guguwar 1997. Wannan ya kamata ya zama darasin farko a nan.)

Amma fa akwai abin da ya sa ban ce a watsar da shi ba. EMDR ba ya buƙatar mutum ya zayyana abin da ya faru filla-filla, babu kuma aikin gida na rubutu. Yarinyar da ta yi shekara biyu a daji ba sai ta buɗe baki ta faɗa wa kowa abin da kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. A ƙasarmu wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

An kuma riga an nuna cewa ba sai mai digiri biyu ba ne zai iya irin wannan aiki. A gabashin Kwango, mataimakan da ba likitoci ba sun jagoranci zaman magani na rukuni ga matan da aka yi wa fyaɗe, sakamakon ya fito a 2013 da kyau ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya na da wani tsari na zama biyar da aka gwada a Peshawar da Nairobi da ma'aikatan da ba ƙwararru ba. Abin da ya haɗa waɗannan shi ne akwai mai duba aikinsu a kai a kai.

Don haka idan aka kawo maka takardar neman kuɗin bita, ko aka gayyace ka, ka tambayi nawa ne cikin mahalartan ke aiki tsakanin Shanga da Warra, mata nawa ne, kuma lambar wa za su kira ranar da zama ya rikice masu wata uku bayan an watse.