Lasisin Sari: Makulli Ɗaya, Ɗaki Guda

'Yan'uwa masu ɗawainiya da kwamfutocin ofis, yau ku bar ni in yi kirari, don lasisin sari na Microsoft ya gama da ni. Duk wanda ya taɓa zama a cibiyar CBT a Sakkwato cikin zafin Afrilu, janareto na ruri, gumi na ɗiga kan kibod, yana buga makulli mai harafi 25 a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ga inji 250 da JAMB ke bukata sun yi sahu suna jiransa, ya san abin da nake nufi.

Sai ga KMS. Kai, jama'a! Saba guda ka ajiye a lungu, mai haƙuri, marar surutu, marar neman yabo, ita ce za ta riƙa kunna wa kowace kwamfuta Windows ɗinta ta cikin wayar ofis, ba sai kowace ta leƙa intanet ba. Kowane kwana 7 kwamfutar takan je ta gaishe ta, kamar talaka a fada, in kuma ba su haɗu ba, lasisin na nan daram har kwana 180. Mu da netwok ke yi wa wasan ɓuya, wannan ai gata ne. Sharaɗinta dai sai inji 25 sun hallara. Ƙaramin ofis a Mabera ko Gawon Nama kuwa, MAK ya ishe shi: makulli guda, kunnawa da yawa.

Abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne izinin kwafi. Ka shirya inji guda tsaf, ka ɗauki hotonsa, ka zuba wa sauran masu Windows Pro irin nasa. Kafin la'asar an gama, har da shan fura.

Ƙorafi? Akwai. Lasisin ɗori ne kawai, dole injin ya zo da Pro na asali, saboda haka 'yar tokumbo mai Home ba ta shiga. An rufe tsarin sari na Open License a farkon 2022, har yau ina kewarsa, ko da yake Open Value na farawa daga lasisi 5, a biya kashi uku cikin shekara 3. Ga dala kuma, ba ta san kunya ba.

Tun da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, duk mai sayayya da ya kira ni, tambayata ta farko ita ce: inji nawa gare ka, Alhaji?