Yaron da ke Wasa a Bayan Taga

Akwai wata fitowa a fim ɗin Citizen Kane na 1941 da ba na gajiya da kallonta. Uwa na zaune a gaban teburi tana sa hannu a takardar miƙa renon ɗanta ga wani mai banki. Mijinta na tsaye a gefe yana ta ƙunƙuni, ba mai kula shi. Can nesa kuma, ta taga, ga yaron yana wasansa cikin dusar ƙanƙara, bai san wainar da ake toyawa ba. Dukansu ana ganin su tar a lokaci guda, na kusa da na nesa, kuma idonka ne zai zaɓi wanda zai tausaya wa.

A wancan zamani an saba a fito da fuskar tauraro, bayansa ya dushe, sannan a yanka zuwa wata fuskar. Daraktan fim ɗin, Orson Welles, ɗan shekara 25 da ya fito daga rediyo da dandamali, bai bi wannan hanya ba. Ya yi dace da Gregg Toland, gwanin ɗaukar hoto, wanda ya tsuke ƙofar hasken kyamara, ya cika wurin da fitilu masu ƙarfi, har zurfin ɗaki ya fito gaba ɗaya. Welles ya san wanda ya yi masa rana: sunan Toland yana kan allo ɗaya da nasa.

Sai batun rufi. Ɗakunan fim na lokacin yawanci ba su da shi, saboda fitilu da makirufo a sama suke rataye. Welles da Toland kuwa suka shimfiɗa yadi ya zama silin, suka ɓoye makirufo a bayansa, suka sauke kyamara ƙasa, har da fasa daɓe don ta samu wurin zama. Sai ka ga Kane, wato yaron nan bayan ya girma, ya yi tsawo kamar ƙato, amma rufin yana neman danne shi. A ganina, labarin mutumin ke nan kaf.

William Randolph Hearst, mai jaridun da aka ce da shi fim ɗin yake, ya hana jaridunsa ambaton fim ɗin, kamfanin RKO da ya shirya shi kuma ya yi asara. Cikin kyaututtukan Oscar tara da aka sa fim ɗin takara, ɗaya ya samu, ta rubutun labari, wadda Welles ya raba da Herman Mankiewicz. Amma daga 1962, masu sharhi a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound suka riƙa sa shi a kan gaba, sai a 2012 Vertigo na Hitchcock ya ture shi.