Wasa da Kisa: Sharhi a kan Littafin Saje Rory Miller

A cikin shekarar 2008 aka buga wani littafi na Turanci a ƙasar Amurka mai suna Meditations on Violence, watau tunani a kan faɗa da ta'adi. Mawallafinsa, Rory Miller, a lokacin ganduroba ne mai igiyar saje, wanda ya yi shekara fiye da goma yana aikin gidan yari a jihar Oregon. Tun kafin ya kama aikin nan ya koyi judo, daga baya ya ƙara da jujutsu, dukansu dabarun faɗa ne na mutanen Japan. Saboda haka mutum ne da ya san gida biyu. Ya san zauren horo inda a ke rusuna wa juna kafin a kama, ya kuma san ɗakin fursuna inda ba a sallama. Littafin gaba ɗayansa awon nisan da ke tsakanin gidajen nan biyu ne. Abin da ya sa ya cancanci a duba shi a fagen nazarin Hausa kuwa shi ne, rabin gardamarsa a kan suna ta ke, ko da ya ke shi kansa bai kira ta haka ba. Hausa kuma tana da dambe da kokawa, tana da kalmomin da ta daɗe tana raba wasa da faɗa da su.

Miller ya buɗe magana da misalin karkanda. Matafiyan dā sun ga wata dabba mai kauri, mai muni, mai ƙaho a hanci, suka koma gida suka ba da labari. Labari ya bi baki, daga mai gani zuwa mai ji, daga mai ji zuwa mai jin mai ji, har karkanda ta rikiɗa ta zama farin doki kyakkyawa mai ƙaho guda a goshi, irin na tatsuniyoyin Turawa. To, haka faɗa ya zama a bakin malaman horo da yawa, in ji shi. Wanda ya kafa makarantar ya ga karkanda da idonsa. Jikan almajirin almajirinsa kuwa doki ya ke zanawa, yana kuma rantsuwa haka dabbar ta ke. Misalin ya zauna daram, kuma shi ne abu mafi kyau cikin littafin. Duk wanda ya san yadda ruwaya ke canza kama a hannun maruwaita zai gane shi nan da nan.

Daga nan sai ya kasa faɗa kashi-kashi. Akwai wanda ya kira rawar biri, watau faɗan samari na neman girma: a zare wa juna ido, a yi cacar baki, a matso ƙirji da ƙirji, a ture, sa'an nan a kai naushi da hannun dama. Wannan faɗa yana da tsari, yana bukatar 'yan kallo, galibi kuwa akwai masu rabawa. Mummunan rauni a cikinsa yawanci daga faɗuwa ne kai ya bugu da ƙasa. Akwai na taron dangi, inda jama'a kan yi wa mutum ɗaya rubdugu, kowa yana son ya nuna ya fi ɗan'uwansa kishi. Akwai kuma na mafarauci, mai kwacen kuɗi ko mai fyaɗe, wanda ba girma ya ke nema ba, abin hannunka ko jikinka ya ke so. Shi wannan ba ya gayyata. Yakan zaɓi wuri, ya zaɓi lokaci, ya zaɓi wanda ya raina, ya auka masa daga kusa, da sauri, da ƙarfin da bai taɓa ji a zauren horo ba. A wannan hali jiki yakan zuba wani ruwa cikin jini wanda likitoci ke kira adiranalin, yatsu su daina aiki mai kyau, gani ya ƙuntata, ji ya ragu, mutum ya sandare yana kallo ana dukansa. Baƙar ɗamara ba ta hana wannan.

Babin da ya fi amfani ga mai koyarwa shi ne na tawayar darasi. Hujjarsa mai sauƙi ce. Dabarar da aka ƙirƙira don karya wuya ba ta koyuwa da karya wuyan abokin karatu, in ba haka ba makaranta ta watse cikin mako guda. Dole ne a sa wata tawaya da gangan cikin kowane darasi: ko a rage sauri, ko a janye naushi kafin ya sauka, ko a sa safar hannu, ko a haramta taɓa ido da maƙogwaro. Tawayar nan ba laifi ba ce. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Laifin yana ga malamin da ya sayar da rariya da sunan ƙwarya. Almajirin da ya yi shekara biyar yana janye naushi, janyewar ma ya koya, ita ce kuma za ta fito ran da aka tare shi a lungu.

A nan ne harshen Hausa ya ke da abin cewa. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare, wannan shi ne mashinsa, ɗayan kuwa garkuwa. Ana yin turmi uku. Wanda ya kai ƙasa an ce an kashe shi, wanda ya kayar kuma ya yi kisa. Kalmomin duka na yaƙi ne: mashi, garkuwa, kisa. Amma babban sunan da ya lulluɓe su duka shi ne wasa. Ana cewa filin wasa, alƙalin wasa, an tashi daga wasa. Ga abin lura: Bahaushe ya aro kalmomin yaƙi ya zuba su cikin ƙwaryar wasa, ƙwaryar ce kuma ke mulkin ma'anarsu. Wanda aka kashe da la'asar yakan tashi ya kakkaɓe ƙura, da dare a gan shi yana cin tuwo. Ko waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago, duk da zancen mutuwa da maƙabarta da ke cikinsu, babu mai sauraron da ya ɗauka gawa a ke ɗauka daga fili. Har wa yau, in aka ce yara biyu sun dambace a kasuwa, kowa ya san an fita daga wasa an shiga faɗa, gama babu kalangu, babu alƙali, babu turmi. Watau harshen da kansa yana yi wa ɗan dambe gargaɗin da Miller ya ke roƙon malamai su yi wa almajiransu. Ba a taɓa jin mahaucin da ya koya wa ɗansa dambe da sunan maganin 'yan fashi ba.

Makarantun da Miller ke sukar lamirinsu akasin haka suka yi. Sun ɗauki wasa suka zuba shi cikin ƙwaryar yaƙi, suka rubuta kariyar kai a allon ƙofa, domin wannan sunan ne ke kawo masu biyan kuɗi. Mafi kusa da su a ƙasar Hausa ba ɗan dambe ba ne, mai ba da maganin tauri ne, wanda ya ke sallamar yaro da alkawarin ƙarfe ba ya cinsa.

Mutanen Japan su ma sun san nauyin suna. Jigoro Kano, wanda sunansa ya yi daidai da na birnin Dabo bisa katari kawai, ya kafa makarantarsa ta Kodokan a Tokyo a 1882. Abin da ya koya a wurin malamansa jujutsu ne, amma abin da ya koyar ya kira shi judo. Ƙarshen kalma ta farko yana nufin dabara, ƙarshen ta biyu yana nufin hanya ko tafarki. Ya cire duka da sauran dabaru masu haɗari daga kamun da a ke yi da gaske, ya ajiye su cikin tsararrun motsi waɗanda a ke maimaitawa a hankali, ya kuma bayyana cewa tarbiyyar jiki da hali ya ke nufi. Gichin Funakoshi, wanda ya kawo kareti Tokyo daga tsibirin Okinawa a 1922, yana cikin waɗanda suka sauya rubutun sunan daga hannun Sin zuwa hannu ba makami, ya kuma hori mabiyansa kada su zama masu fara kai hannu. Miller bai ba wannan tarihi haƙƙinsa ba. Yana auna makarantun nan da mudun lungu, ya same su da tawaya, alhali waɗansunsu tun farko ba su ce lungu suka nufa ba.

Sai dai babban gurbin littafin ba wannan ba ne. Malami yana da bashi biyu a wuyansa. Na farko bashin almajiri ne, watau kada a rufe shi, a gaya masa iyakar abin da aka ba shi. Wannan Miller ya biya shi har da gyara. Na biyu bashin jama'a ne, watau mutanen da almajirin nan zai gamu da su a hanya bayan an wasa shi. A nan littafin ya yi ƙaranci. Kusan ko'ina cikinsa mai karatu shi ne wanda za a far wa. Ba safai a ke tsayawa a tambaya ba, in shi ne mai far wa mutane fa?

Abin ya fi fitowa a maganarsa ta izini. Ya lura mutanen kirki da yawa an rene su a kan kada su ɗaga murya, kada su yi rashin kunya, kada su cuci kowa, har renon nan ya kan ɗaure su ran da mugu ya kama su. Saboda haka ya ce mutum ya ba kansa izini tun da wuri, ya yanke shawarar abin da zai sa ya yi faɗa ba tare da waiwaye ba. Ga matar da aka tare, wannan magana ceto ce. Amma shafi ba ya zaɓen mai karanta shi. Saurayi mai zafin kai, wanda dama izinin ya ke nema, shi ma zai karanta, ya ji an kwance masa takunkumi. Ganduroba yana da abin da ke riƙe shi: kaki, da dokar aiki, da rahoton da zai rubuta bayan kowace arangama, da na gaba da shi wanda zai karanta rahoton. Almajirin makarantar unguwa ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan sai malaminsa. Doka kuwa ba ta san ɗamara ba. Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda aka yi a 1959, ta yarda mutum ya kare kansa, amma ta ƙayyade kada cutarwar ta wuce abin da kariyar ke bukata, kuma dokokin ƙasashe da yawa haka su ke. Naushi na uku a kan wanda ya riga ya faɗi, kotu ba ta kiransa kariya. Adalci ne a faɗa cewa Miller ya ga gurbin nan, gama littafinsa na 2011, Facing Violence, da maganar doka da ta halin kirki ya fara. Amma na 2008 shi ne wanda ya fi yawo.

To, ina iyakar alhakin malami? Ba shi ya halicci zuciyar yaro ba, kuma ba ya bin sa gida. Wanda ya ce duk abin da almajiri ya aikata a rataya wa malami, ya ce ke nan a kama maƙeri duk ran da aka sari wani. Amma maƙeri ciniki ɗaya ya ke yi da mai sayen adda su rabu, malami kuwa yana ganin yaron nan sau uku a mako shekara da shekaru. Yana ganin wanda ke ƙara murɗa hannu bayan abokinsa ya yi alamar sallamawa. Yana ganin wanda ke neman ƙanana ya gwada ƙarfi a kansu. In ya gani ya yi shiru, ko ya ɗaura masa sabuwar ɗamara domin yana ciwo wa makaranta lambobi, to, ya sa hannu cikin abin da zai biyo baya. Uku ne a hannunsa tsaf: wanda zai karɓa, da sunan da zai ba abin da ya ke koyarwa, da wanda zai kora. A dambe ma ubangida ne a ke nema in yaronsa ya yi rashin ɗa'a a garin da aka je wasa, domin da sunansa aka karɓi baƙuncin.

Kano ya gwada na ukun. Shiro Saigo yana cikin almajiransa na farko, kuma yana cikin waɗanda suka ɗaukaka sunan Kodokan a karawar da aka yi da tsofaffin makarantun jujutsu. A 1890 ya shiga faɗan titi, aka raba shi da makarantar, ya koma Nagasaki. Hukuncin ya yi tsanani ga makaranta mai shekara takwas da kafuwa, gama gwarzonta ta rasa. Duk da haka kora ba ta zare ilmi daga gaɓoɓi. Saigo ya tafi da duk abin da aka koya masa. Bayan rasuwarsa a 1922 Kodokan ta ƙara masa daraja. Labari irin wannan, inda malami ya yi abin da ya kamata kuma abin bai warware duka ba, shi ne babu cikin littafin Miller.

Game da tsari, littafin ya fi kama da kundin da aka tara cikin dare bayan an tashi aiki. Babi yakan katse, misali ya shigo ba shiri, a koma kan abin da aka riga aka faɗa. Harshensa gajere ne, busasshe, irin na rahoton aiki, kuma wannan ya dace da shi. Mawallafin ya kuma yi gaskiyar gargaɗin mai karatu kada ya fifita maganar kowa, har da tasa, a kan abin da ya gani da idonsa. Gama faɗan gidan yari, inda ganduroba ke da abokan aiki a bayansa kuma tilas ne ya shiga, ba ɗaya ya ke da na ɗan kasuwa mai komawa gida da dare ba, wanda gudu ya halatta gare shi. Mai niyyar juya littafin zuwa Hausa zai gamu da wahala tun daga shafin farko, domin Turanci yana da kalma ɗaya da ta haɗa naushin samari da fashi da fyaɗe da yaƙi, Hausa kuwa sai ta tambaya wanne a ke nufi kafin ta ba da suna.