Gilashin Jere da Tukunyar Murhu

Jere a ɗakin amarya, a Ngong ko a Garwa da ke ƙasar Binuwai ta Kamaru, shaida ce ta ƙoƙarin iyaye. Da can ƙwarya da tasa ake jerawa, aka koma langa da samira, yanzu kabad ce cike da tangaran da kuloli da gilasai. Ba don amfani aka saye su ba. Ana goge su, a nuna wa 'yan ganin ɗaki, a rufe. Wannan rashin amfani da ake yi wa al'adar gori a kansa shi ne ya kare mutane daga wani haɗari da ba su san da shi ba.

Gilashin kiristal na ainihi da dalma ake haɗa shi. George Ravenscroft ne ya yi suna da wannan haɗi a Ingila, ya kuma karɓi takardar mallakar fasahar gilashinsa a 1674. Dalmar tana ƙara wa gilashi nauyi da walƙiya, tana kuma tausasa shi har a iya sassaƙa masa zane da dutsen niƙa. Dokar Turai ta 1969 ta ce sai sinadarin dalma ya kai kashi 24 cikin ɗari kafin a kira shi kiristal mai dalma. Gane shi ba wuya: ka ƙyasta shi da farce, ƙararsa za ta daɗe tana amo, bakin zanensa kuma da kaifi. Na gwangwan, wanda aka zuba a mazubi, zanensa a daskare yake, kuma in ka shafa gefensa za ka ji layin da ɓangarori biyu suka haɗu. Yawancin abin da ke kabad ɗinmu irin wannan ne. Na ainihi sai a gidajen tsofaffin ma'aikata da attajiran da suka yi hulɗa da Faransa, ƙasar masana'antun kiristal na Baccarat da Saint-Louis.

Ko na ainihin ma, in yana tsaye a kabad ba ya cutar da kowa. A 1991 Joseph Graziano da Conrad Blum na Jami'ar Columbia suka nuna a mujallar Lancet cewa giyar da aka ajiye watanni a tulun kiristal tana jan dalma mai yawa. Mu ba giya muke zubawa ba, amma tsami ne ke jawo dalmar, kuma zoɓo da jiƙon tsamiya ba su rasa tsami ba. A sha a wanke, da sauƙi. A zuba a bari ya kwana, ko a ba yaro, nan ne matsala.

Ni dai a ganina, mai tsoron dalma a ƙasar Binuwai ya bar kabad ya leƙa madafa. Tukunyar da muke kira ta dalma, wadda a gaskiya alminiyam ce, ita ake ɗorawa safe da yamma. Maƙeri yana narka tsoffin sassan inji, da lagireto, da gwangwanaye, ya zuba a mazubin yashi, ya fasa, ya goge da magagari har ta yi fari sol. Abin da ke jikin tarkacen duk yana bin narkakken ƙarfen. A 2014 Jeffrey Weidenhamer da abokan aikinsa, tare da ƙungiyar CREPD ta Yawunde, suka gwada tukwane da ludaya 29 ƙirar Kamaru. Dalmar da ke cikin ƙarfen ba ta taka kara ta karya ba, amma da aka tafasa ruwa mai ɗan tsami a ciki, sai ta yi ta fita, tare da alminiyam da kadmiyam. To, a ƙasar da miyar yakuwa ke kan wuta kusan kullum, ga tumatir, ga kunun tsamiya, lissafin ba ya buƙatar malami.

Abin ba ya zuwa da ihu kamar na Zamfara a 2010, inda niƙan dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje ya hallaka yara sama da 400. Wannan a hankali yake ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da aka san ba ya illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsa. Yaro ya taso karatu ba ya zama, a ce ƙwaƙwalwarsa ce haka.

Laifin ba na maƙeri kaɗai ba ne. Uwar amarya a kasuwar Ngong za ta ɗaga tukunya ta ji nauyi, ta ƙwanƙwasa, ta duba ko da huji, ta taya. Nauyi da sheƙi take nema, su ne kuma ba sa faɗin komai game da dalma. Kamaru ta sa wa fenti iyakar dalma a 2017, don fenti yana da masana'anta da gwangwani da suna. Tukunya ba ta da ko ɗaya. Inda za a iya kama ta shi ne wajen tsintar tarkace, kafin wuta: gwangwanin lemo kusan ba shi da dalma, lagireto mai walda da sassan inji kuwa su ne abin zargi, kuma a tuli ɗaya ake auna wa maƙeri su duka.