Kaye kaɗai ba shi ne kokawa ba

Duk shekara idan Disamba ta kama, buji ya taso, hazo ya lulluɓe Maradi har mutum ya iya kallon rana ido da ido, hirar fada takan koma kan abu guda: takobi. A wace jaha za a yi bana, su wa za su wakilce mu, wa ya tsufa, wa ke tasowa. Mai shayi na fifita gawayi yana faɗin nasa, ɗan kabu-kabu ya naɗe kunnuwa da rawani yana musu da wanda ya goyo. A wurina, lokacin sanyi a birni ba shi da bikin da ya kai kokawar takobi, shi ya sa abin da nake gani yana faruwa da ita yake ci mini rai.

Kwanan baya ɗan ƙanwata ya miƙo mini waya, ya ce, "Kawu, ka ga wannan kayen kuwa?" Na karɓa. Ɗan gajeren bidiyo ne da bai kai minti guda ba: an kama ƙafa, an ɗaga, an kai ƙasa, an ɗora wata waƙa a kai wadda ba ta da haɗi da fili. Na tambaye shi wane makaɗi ya kaɗa wa wanda ya yi kayen, kuma me ya ce a kirarinsa kafin ya shiga. Ya ce, "Kawu, ai waɗannan duk jan lokaci ne, kayen ake so." Wannan magana ta tsaya mini a rai, don na san ba shi kaɗai ba ne. Samari da yawa yanzu ta TikTok da WhatsApp suka san kokawa, kuma abin da ke isa gare su shi ne ƙarshen karo kawai.

Kokawa ɗiyar kaka ce. Sai an yi girbi, an ɗaure damma, rumbu ya cika, sannan samari ke samun ƙarfi da sukunin bin ƙauyuka neman abokin karo. Da gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da ita gasar ƙasa, aka yi karon farko a Tawa a 1975, Yakuba Kantu na Maradi ya ɗauki takobi, kuma sunansa ne filin kokawar garinmu ke ɗauke da shi yau, kamar yadda na Dosso ke amsa sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma Langa-Langa. Gasar na zagaya jahohi takwas na Nijar, kowace jaha ta kawo 'yan kokawa goma, tamanin ke nan, a yi wajen kwana goma ana gwabzawa. Garin da ya karɓi baƙuncin yakan canza kama gaba ɗaya: gidaje su cika da baƙi, masu tsire da masu ƙosai su kai dare suna ciniki, tasha ta yi maƙil.

Shekarar da takobi ya zo Maradi na yi sammako na shiga fili tun sanyi na ratsa ƙashi, hannu cikin aljihu, leɓe a tsage. Kusa da ni wani dattijo ne cikin bargo, da ƙaramar rediyo manne a kunne, ga shi kuma yana kallon abin da ake faɗa a rediyon da idonsa. Ganga ta fara. Ɗan kokawa ya fito daga ɓangaren jaharsa, layu da guraye sun yi masa nauyi, wani na biye da shi riƙe da gorar rubutu. Ya zo gaban makaɗa ya tsaya, ya ɗaga hannu, kiɗa ya ɗauke. Sai ya buɗe murya ya yi kirari, ya ambaci garinsu da ubangidansa da waɗanda ya taɓa kayarwa. Fili ya yi tsit, sannan ya ɓarke da sowa. Na ji tsigar jikina ta tashi, kuma ba sanyi ne ya tayar da ita ba. Kafin a yi karon, 'yan cali-cali suka shigo suna kwaikwayon tafiyar manyan 'yan kokawa, suna faɗuwa da gangan, har dattijon nan ya cire rediyo daga kunne don dariya.

Sai aka zo wurin da samarin yau suka fi ƙorafi a kai, wato jinkiri. Mutum biyu sun duƙa, goshi kusa da goshi, kowa na shafa ƙasa yana goga wa tafinsa, wannan ya miƙa hannu wancan ya make. Minti biyar, minti bakwai, ba wanda ya kai hari. Wasu matasa a bayanmu suka fara ihu a raba su. Dattijon ya juya ya ce musu, "Ku yi haƙuri 'ya'yana, ku dubi ƙafar na hagun." Na duba. Ashe tun ɗazu yana jan abokin karonsa kaɗan-kaɗan, yana sa shi ya ɗora nauyinsa kan ƙafa guda. Da lokaci ya yi, ko ƙiftawar ido ba a yi ba aka gama. Na ce, "Baba, ta yaya ka gani?" Ya ce tun zamanin Kadade na Tawa yake kallon ƙafa.

Jinkirin nan yana da dalili. A gasar takobi, wanda aka kai ƙasa sau ɗaya ya yi sallama da takobin wannan shekara. Mutum ya yi wata da watanni yana shiri, jaha guda ta ɗora masa buri, ba zai yi wasa da ƙafarsa don a samu abin turawa a waya ba. Issaka Issaka na Dosso, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a Disambar 2023, duk wanda ya kalli karonsa daga farko zuwa ƙarshe ya san natsuwa da karanta abokin karo na cikin makamansa. Wanda kayen kawai ya gani zai ɗauka ƙarfin damtse ne, kuma idan yaro mai tasowa ya ɗauka haka, haka zai koya.

Ban ƙi waya ba. 'Yan'uwanmu da ke ci-rani a Kumasi da Legas da Aljeriya ta nan suke jin ƙamshin gida, kamar yadda iyayenmu suka bi gasar ta Muryar Sahel da Télé Sahel. Abin da nake roƙon masu ɗauka shi ne su bar kiɗan fili a yadda yake, su fara ɗauka tun daga kirari, su rubuta sunan makaɗi kamar yadda suke rubuta na ɗan kokawa. Makaɗan nan su ne ke riƙe da sunayen mazan jiya da garuruwansu da wa ya kayar da wa, kuma da yawansu sun manyanta. Idan shekara goma ta wuce ana yanke su daga hoto, wa zai so ya gaje su?

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da mu. Fegin da muke kokawa a unguwarmu muna yara, idan farin wata ya fito a daren sanyi, an gine shi kaf da shaguna. Yaran unguwar yanzu ba su da inda za su kama juna a kan rairayi, sai dai su kalli na wasu. Magadan gari da masu unguwanni za su iya ware fili ko ɗaya a kowace unguwa, a zuba yashi, a bar yara su yi ta karo daga kaka zuwa ƙarshen sanyi. Kuɗinsa bai kai kyautar da attajiri guda ke sa a yi shelarta a fili cikin yini ɗaya ba.

Ɗan ƙanwata dai na yi masa alkawari: ranar da za a yi karon zaɓen goman da za su wakilci Maradi bana, tare za mu tafi. Na ce ya sa rigar sanyi mai kauri, mu fita tun da sassafe mu samu wuri kusa da makaɗa.