Laifi da Azaba a Waƙar Tabban Haƙiƙa

Tun ina yaro a Gwammaja nake jin tsofaffi suna rera Tabban Haƙiƙa, amma ban taɓa tsayawa na duba wa take yi wa magana ba sai bana, da aka ba mu ita a aji. Da na ɗauka wa'azi ne irin wanda ake tsorata yara da shi don su tashi sallar asuba.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tsara ta da Fillanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa wajen 1831, ɗansa Isa kuma ya yi mata tahamisi. Lokacin da aka tsara ta shi ya fi ɗaukar hankalina. Bayan faɗuwar Alƙalawa ne a 1808, wato Gobir ta riga ta karye, mulki ya dawo hannun jama'ar Shehu. Ashe gargaɗin na 'yan gida ne, mutanen da jiya ake kora, yau su ke riƙe da tuta.

Sai mai karatu ya lura da yadda aka auna azaba daidai da laifi. Mai mulkin da ya ci talakawa, wuta ce za ta ci shi. Wanda ya bautar da ɗa, wuta ce za ta bautar da shi. Kalmar da mutum ya yi zalunci da ita, da ita ake rama masa. Dante, mawaƙin Italiya da ya rasu a 1321, ya bi irin wannan hanya a doguwar waƙarsa ta lahira, inda bokayen da suka yi da'awar hango gaba aka murɗe musu wuya suna tafiya fuska na kallon baya. Sai dai shi Dante sunayen abokan gabarsa na birnin Florence ya jera a wuta, har mai karatu ya ji ƙanshin ramuwar gayya. Shehu aikin ya ambata ya bar sunan, saboda haka duk wanda ya hau kujerar, rigar ta yi masa daidai.

Inda nake da ja shi ne amshin. Daɗinsa ya yi yawa. Na sha ganin mai hali yana kaɗa kai yana amsawa, alhali baitin da aka rera da shi yake. A unguwar da Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983, ana ta zancen haƙƙin talaka, na yi mamakin yadda muka bar wa tsofaffi wannan waƙa su kaɗai.